Yadda Za a Kafa Mafakar Dabbobi a Unguwa Tun Kafin a Samu Gini

A yawancin garuruwanmu babu wani gida da aka ware domin karɓar kyanwar da babur ya buge, ko ƴan kwikwiyon da aka zubar a juji, ko jakin da ƙarfinsa ya ƙare mai shi ya sake shi ya ci gaba da kiwon leda a bakin titi. A Ingila irin wannan aiki ya daɗe da kafuwa, domin ƙungiyar RSPCA mai yaƙi da zaluntar dabbobi ta fara tun 1824, gidan karnuka na Battersea da ke Landan kuma ya buɗe a 1860. Wanda ya ga hotunan irin waɗannan wurare yakan ɗauka cewa sai an samu fili da katanga da maƙudan kuɗi kafin a taɓuka wani abu, daga nan sai ya naɗe hannu. A ganina mafakar da ta dace da mu ba da bulo take farawa ba. Tana farawa ne da gidaje uku ko huɗu da suka yarda su riƙe dabba na ɗan lokaci, da likitan dabbobi guda wanda zai ɗauki waya idan an kira shi, da littafin rubuta shige da fice, da kuma yardar shugabannin unguwa.

Kafin a ɗauki ko da dabba ɗaya, a fara da zagaya unguwa domin a san abin da ke cikinta. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar asuba da kuma dab da magariba, sa'ad da rana ta yi sanyi dabbobi suka fito neman abinci. A duba bayan kwata, da wurin masu kifi, da gefen teburin mai shayi, da kangwaye, da garejin makanikai, da ƙarƙashin kwalbati. A rubuta abin da aka gani: kare ne ko kyanwa, namiji ko mace, da ciki ko da goyo, da rauni ko lafiya lau. A kuma tambayi mutanen wurin, domin da yawa daga karnukan da ake wa kallon na titi suna da masu su, na mafarauta ne ko na masu gadi ko na ƴan banga, sakinsu kawai ake yi su ci da kansu. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai, saboda dabbar da ke da mai ita ba ɗauke ta ake yi ba, mai ita ake nema a zauna da shi.

Daga nan sai a je wa mai unguwa. Kada a aika masa da takarda, a je da ƙafa, mutum biyu ko uku har da dattijo guda da ake jin maganarsa. Bayan gaisuwa a faɗi buƙata a taƙaice: "Ranka ya daɗe, mun zo ne kan karnuka da kuliyoyin da ke yawo a unguwa. Muna so a yi musu rigakafi, waɗanda suka ji rauni kuma a yi musu magani, kuma ba mu son mu fara ba da saninka ba." Haka za a je wa limamin masallacin Juma'a, a ce, "Allah gafarta Malam, muna roƙon a taɓo haƙƙin dabbobi a huɗuba." Malamin ba ya buƙatar a koya masa, domin hujjojin suna hannunsa. Akwai hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Akwai na mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai lallagen ƙishirwa, Allah ya gafarta masa, kuma a ƙarshensa ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa akwai lada a kan kowace hanta mai danshi. Akwai kuma hanin yi wa dabba lalas a fuska ko dukanta a fuska. Game da kare, wanda shi ne aka fi ƙyama, yana da kyau a tuna cewa a mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasar Hausa kare mai rai ba najasa ba ne a jikinsa, kuma an halatta riƙe shi domin farauta da kiwo da tsaron gona. Ba a ce kowa ya kai kare ɗakinsa ba, amma babu wata hujja ta jifansa ko watsa masa ruwan zafi.

Lalle za a samu wanda zai ce mutane na kwana da yunwa ku kuna ta kare da kyanwa. Maganar tana da nauyi, bai kamata a amsa ta da fushi ba. Amsar da ta fi shiga ita ce ta cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda take kamawa yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, kuma har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke ɗauka. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma an tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi aka kuma ɗore da hakan, cutar takan daina yaɗuwa. Sanya guba a nama, wanda shi ne abin da aka saba yi idan kare ya ciji yaro, ba ya kai ga wannan sakamako, domin yakan kashe har karnukan da aka riga aka yi wa allura da kuliyoyi da ungulaye, sannan cikin ƴan watanni wasu karnukan da ba a san lafiyarsu ba su shigo su cike gurbin. Saboda haka wanda ya yi wa karen unguwa rigakafi ƴaƴan unguwa ya kare.

Likita shi ne ginshiƙin aikin. A nemi asibitin dabbobi na gwamnatin jiha ko ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, waɗanda ke kusa da Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri kuma suna da asibitocin koyarwa na tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Maiduguri. A tabbatar cewa wanda za a yi hulɗa da shi likita ne mai rajista, ba mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa ba, a kuma yi magana a fili tun farko kan kuɗin allura da na ɗinki da na zuwa gida, da abin da zai iya ragewa idan an tara dabbobi da yawa a rana ɗaya. Ranar 28 ga Satumba, wadda ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, dama ce mai kyau ta shirya gangamin rigakafi a ƙofar gidan mai unguwa ko filin makaranta, domin a wannan lokaci hukumomi da ƙungiyar likitocin dabbobi sukan shirya irin wannan aiki. Ana fara yi wa kare da kyanwa allurar ne daga wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara, wanda a wurinmu yawanci duk shekara ne. A kula cewa maganin yana lalacewa idan ya yi zafi, don haka dole ya zo cikin kula mai ƙanƙara, kuma kowace dabba a ba mai ita kati.

Ɗaukar dabba mai rauni shi ne inda masu kyakkyawar niyya suka fi jin ciwo. Dabbar da ke cikin azaba tana cizon har mai ita. Idan kyanwa ce, a matso a hankali ba tare da zura mata ido ba, a lulluɓe ta da tawul mai kauri ko tsohon bargo har kai, a tattare ƙafafuwanta a ciki, a sa ta a kwali mai ƴan ramukan iska a ɗaure bakinsa da kyau, saboda kyanwar da ta firgita tana iya fita ta ramin da ba a zata ba. Idan kare ne da ba ya iya tashi, a ɗaure masa baki da tsumma mai laushi muddin ba amai yake ba kuma numfashi bai yi masa wuya ba, sannan mutum biyu su zamar da shi kan katako ko buhu su ɗaga tare. Karen da ke dalalar da miyau, ko yake kai cizo ga duk abin da ya gani, ko muƙamuƙinsa ya saki, ko ya yi laushin da ba a saba gani ba, kada kowa ya taɓa shi. A kawar da yara, a killace wurin, a kira jami'an dabbobi. Idan ta kai ga an kashe shi, akwai ɗakin gwaji a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, inda ake duba ƙwaƙwalwa a tabbatar ko yana ɗauke da cutar, kuma likita ne zai shirya aikawa.

Duk wanda aka ciza ko aka yakusa, ya wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar domin a fara masa allurai. Kada a tsaya shafa toka ko barkono ko wani haɗi. Dabbar da ta yi cizon, idan an san ta, a tsare ta kwana 10 ana lura da ita, amma ba a jiran ƙarshen kwanakin kafin a fara allura.

Gidan riƙo ba ya buƙatar wani tsari mai tsada. Ɗaki ne ko shago ko wani lungu mai inuwa da iska, wanda ƙasansa siminti ne domin a iya wankewa da ruwan bilic, da kasko biyu na ruwa da abinci, da buhu ko tabarma ta kwanciya, kyanwa kuma a ƙara mata tsohuwar roba cike da yashi da za a riƙa sauyawa. Sabuwar dabba ta zauna ita kaɗai mako biyu kafin a haɗa ta da wasu, saboda cututtuka irin su zawon jini na ƴan kwikwiyo suna iya share ɗaki guda cikin ƴan kwanaki. Wajen abinci, a yi magana da sarkin pawa da masu kifi da masu yankan kaji, domin akwai ragowar da suke zubarwa kullum wadda idan an dafa ta aka haɗa wa kare da tuwo ko shinkafa za ta wadatar. Kyanwa dai nama ne asalin abincinta, tuwo zalla ba ya riƙe ta. A cire dafaffen ƙashin kaza domin yana tsagewa ya huda hanji, a kuma guji miyar da ta sha albasa da tafarnuwa, saboda suna lalata jinin kare da kyanwa. Farasitamol ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari na gona da ake shafa wa dabba don kaska da ƙuma sun halaka dabbobi da yawa, baƙin mai da kananzir kuma ƙona fata suke ƙarawa a kan ƙazuwa ko miki. Abin da za a iya yi a gida kafin likita ya iso shi ne wanke rauni da tafasasshen ruwa da ya huce, wanda aka zuba wa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita.

Ƴaƴan kyanwa da aka tsinta su kaɗai suna da nasu hukunci. Kada a yi gaggawar kwashe su, a ja baya a sa ido na ƴan sa'o'i, domin sau da yawa uwar abinci ta tafi nema ko tana cikin sauya musu wuri ɗaya bayan ɗaya. Idan an tabbatar ba ta nan, ɗumi ne farko kafin abinci, musamman da hunturu: a naɗe kwalbar ruwan ɗumi da tsumma a ajiye musu a kwali. Madarar shanu takan sa su zawo, don haka a tambayi likita madarar da aka haɗa dominsu, kafin a samu kuma nonon akuya ya fi sauƙi a cikinsu. A ba su da sirinji marar allura duk bayan awa biyu zuwa uku har da dare, suna kwance rub da ciki ba rigingine ba, don kada madara ta shiga huhu. Bayan kowane shayarwa a goga musu gindi da auduga mai ɗumi har su yi fitsari, domin aikin da uwar ke yi da harshe ke nan, ba sa iya yi da kansu. Aiki ne mai cin barci, saboda haka a raba shi tsakanin mutum biyu.

Abin da ya fi rusa irin wannan yunƙuri shi ne tausayi marar iyaka. Da zarar an ji cewa gidan wane ana karɓar kuliyoyi, za a wayi gari a tarar da kwalaye a ƙofa. A yanke adadi tun farko, a ce kowane gida dabba biyu ko uku, kuma a tsaya a kansa ko da zuciya na ciwo, domin kuliyoyi talatin a ɗaki ɗaya cikin zarni da yunwa zalunci ne ko da sunan ceto aka tara su. Kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin nata kuma wata biyu ne da ƴan kwanaki, tana kuma iya haihuwa fiye da sau ɗaya a shekara, don haka babu mafakar da za ta iya tsere da haihuwa. Mafita ita ce fiɗiya ga maza da aikin tsayar da haihuwa ga mata, a hannun likita tare da allurar barci, ba dandaƙa irin ta gargajiya ba. Malamai sun yi saɓani a kan wannan, da yawansu sun halatta idan akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabbar ba, saboda haka a kai maganar ga malaman unguwa a ji ta bakinsu kafin a fara.

Manufar riƙo ita ce a samar wa dabba gida na dindindin. Kyanwa ba ta da wuyar shiga, domin masu shagon kayan masarufi da masu rumbun hatsi irin na kasuwar Dawanau sun san amfaninta a kan ɓera, sai dai a shaida musu cewa ɓera kaɗai ba ya ciyar da ita. Kare kuwa sai an yi hattara, saboda akwai fataken da ke saye ko karɓar karnuka su yi safararsu zuwa inda ake cin namansu. A je a ga gidan da ido, a tambayi inda zai kwana da wanda zai ba shi abinci, a ƙi ba wanda zai ɗaure shi da guntuwar sarƙa a fili ba inuwa, dare da rana, a kuma koma bayan wata guda a duba.

Jaki ya cancanci a tsaya a kansa, domin a ƙasar Hausa shi ne dabbar da ta fi yi wa mutum bauta kuma ta fi shan wuya. Yawancin mikin da ake gani a gadon bayansa daga akumari ne da ya tsufa ya taurare, ko mangalar yashi da aka cika gefe guda ya fi ɗaya nauyi, raunin ƙafa kuma daga dabaibayin igiyar roba ne da ke cin fata. Mai jakin talaka ne da ke ci daga bayan dabbar, idan aka zo masa da faɗa zai kora jakinsa ya wuce. A tare shi da "Sannu da aiki, Baba," a ba jakin ruwa tukuna, sannan a ce, "Baba, wannan mikin idan ya ci gaba zai zaunar da shi mako da makonni, bari mu wanke mu gyara akumarin." A wanke da ruwan gishiri, a naɗa tsumma mai laushi kamar gammo a ɗora ta yadda mikin zai faɗa a tsakiyar ramin kaya ba su taɓa shi ba, a sauya igiyar roba da ta auduga ko tsumma mai faɗi. Hutu ne ainihin magani, kuma idan asusun ƙungiya zai iya ba mai jakin ɗan abin cefane na kwanakin da jakin zai huta, wannan kuɗi ya fi kowane man shafawa aiki. A sani kuma cewa jaki yana ɓoye ciwo, don haka wanda ya sunkuyar da kai ya ƙi cin harawa yana buƙatar likita a ranar, ba gobe ba, musamman da yake leda na toshe musu hanji. Ga kuma cinikin fatar jaki da ake kai wa Sin domin haɗa wani magani, wanda ya sa Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a taronta na Addis Ababa a Fabrairun 2024. Jaka na ɗaukar ciki kusan shekara guda ta haifi ɗa ɗaya, don haka abin da aka yanka ba ya dawowa da wuri. Tsohon jakin da aka ceto kada a miƙa shi ga dillalin da ba a san inda zai kai shi ba.

Kuɗi kuwa a riƙe su a fili. A naɗa ma'aji wanda ba shi ne shugaba ba, kowane memba ya riƙa zuba abin da zai iya duk wata, a rubuta kowace naira da ta shiga da wadda ta fita, a sanya hoton rasit a zauren WhatsApp na membobi. Idan aiki ya bunƙasa har ana karɓar gudummawa daga waje, a yi rajista da CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, a matsayin ƙungiya mai amintattu, a buɗe asusun banki da sunanta wanda sai mutum biyu sun sa hannu. Wanda kuma yake son tallafa wa wata mafaka da ya gani a Facebook ko TikTok, ya auna ta da wannan ma'auni. Ya tambaya ko ana barin mutum ya ziyarta, ya nemi sunan likitan da ke duba dabbobin, ya ji dabbobi nawa suka shiga kuma nawa suka samu gida. Ya yi taka-tsantsan da shafin da kullum hoton dabba mai jini yake nunawa da lambar asusun mutum ɗaya, ba a taɓa ganin dabbar bayan ta warke ba, domin an sha kama masu jefa dabba cikin haɗari da gangan don su ɗauki bidiyon ceto. Inda aka yi shakka, a biya kuɗin magani kai tsaye ga asibitin, ko a kai buhun abinci da bilic da tsofaffin barguna.

Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta tanadi hukunci ga mai dukan dabba da mugunta ko azabtar da ita, haka ma sashe na 495 na Criminal Code a Kudu. Duk da haka ofishin ƴan sanda ba shi ne matakin farko ba tsakanin maƙwabta. A fara da nasiha a keɓe, idan ba a ji ba a kai ga mai unguwa, idan abin ya ci gaba a rubuta rana da wuri, a samu shaidu da takardar likita, sannan a kai ƙara. Idan yara ne ke jifan kare ko ɗaure wa kyanwa gwangwani a wutsiya, duka ba ya gyara su. A je wa malamin Islamiyya ko na tsangaya ko shugaban firamare a nemi minti goma a yi musu bayanin hadisin kyanwa da yadda ake tsayawa cik ba gudu idan kare ya taso, sannan a zaɓi biyu daga cikin waɗanda suka fi ƙiriniya a damƙa musu cika kaskon ruwan da aka ajiye wa dabbobi a gindin bishiya, safe da yamma, daga watan Maris har saukar damina.